Drayton Hall: gidan gandun da aka ƙi yi wa kwaskwarima

A bakin kogin Ashley, kimanin kilomita 24 arewa maso yamma da birnin Charleston a jihar Karolina ta Kudu ta Amurka, akwai wani gidan jan bulo da ya haura shekara 270 a tsaye. Ba a taɓa ja masa wutar lantarki ta zaman gida ba, ba a sa masa famfo ba, babu na'urar ɗumama ɗaki balle ta sanyayawa. Ɗakunansa wayam suke, ba kujera ba gado. Sunansa Drayton Hall. Masu sana'ar adana tsofaffin gine-gine suna yawan kafa misali da shi saboda shawarar da aka yanke a kansa a shekarun 1970: a riƙe shi yadda aka same shi, kada a mayar da shi sabo. Jin haka mutum zai ɗauka an zaɓi hanya mai sauƙi ne. Aikin da ya biyo baya ya nuna akasin haka, kuma mafi wahalarsa ya zama warware gyaran da na baya suka yi da kyakkyawar niyya.

John Drayton ya sayi filin, eka 350, a 1738, bai kai shekara 25 ba. An daɗe ana cewa an kammala ginin a 1742, har sai da aka ɗebi samfuri daga katakon rufi aka ƙidaya zoben da itace ke yi kowace shekara, aka gwada shi da na wasu itatuwan yankin da aka san shekarunsu. Sai ya bayyana cewa an sare bishiyoyin a hunturun 1747 zuwa 1748, don haka gidan bai kammala ba sai wajen 1750. Fasalinsa na bin tsarin Andrea Palladio, maginin Italiya na ƙarni na 16: komai na dama yana da takwaransa a hagu, ga baranda mai hawa biyu bisa ginshiƙan dutse a fuskar da ke kallon hanya.

Kuɗin ginin ya fito ne daga gumin bayi. Drayton ya mallaki gandaye da dama da jimillarsu ta kai wajen eka 76,000, ana noman shinkafa da baba, ana kiwon shanu, wannan gida kuwa shi ne cibiyar da ake juya su daga ciki. Kusan kashi 40 cikin 100 na 'yan Afirkan da aka kai Arewacin Amurka a matsayin bayi ta Charleston suka shiga, kuma masu gandun yankin sun fi neman mutanen gaɓar Afirka ta Yamma, daga Senegal da Gambiya zuwa Saliyo, saboda sun iya noman shinkafar fadama. Hannun bayi ne ya buga bulon, ya tsaga katakon, ya kwaɓa farar ƙasar.

Yadda ya tsira

Sojojin Birtaniya sun sauka a filin a 1780, lokacin yaƙin neman 'yancin Amurka, kan hanyarsu ta kame Charleston, suka bar gidan a tsaye. A 1865, ƙarshen yaƙin basasar Amurka, an ƙone manyan gidajen maƙwabtansa, Middleton Place da Magnolia, shi kuwa ya kuɓuta. Labarin da ake bayarwa shi ne an kafa tutar gargaɗin cutar agana a ƙofa sojoji suka kauce, amma labarin baka ne. Bayan yaƙin, gidan ya lalace ƙwarai. Abin da ya cece shi wani dutse ne mai sinadarin fosfet da ake niƙawa a yi takin zamani, wanda aka gano a ƙarƙashin ƙasar bakin kogin. Kuɗin haƙarsa ne ya biya rufin ƙarfe da sabon fenti a shekarun 1870 da 1880. Girgizar ƙasar 31 ga Agustan 1886 da guguwar 1893 sun ci ƙananan gine-gine biyu da ke gefen gidan dama da hagu, babban ginin ya tsaya.

Daga nan iyalin suka koma birni, suna zuwa hutu jefi-jefi. Charlotta Drayton, wadda ta rasu a 1969, takan yi makonni a gidan kowace shekara ba tare da ta sa a zamanantar da shi ba. Wannan rashin zama na dindindin shi ne babban sa'ar ginin. Wasu gidajen gandun da suka samu masu kuɗi a shekarun 1920 sun samu banɗaki a cikin ɗaki, da bututu a cikin bango, da sabon daɓe, kuma kowanne daga cikinsu ya ci wani abu na asali.

A 1974 zuriya ta bakwai ta sayar da gidan ga National Trust for Historic Preservation, ƙungiyar da majalisar dokokin Amurka ta ba izini a 1949 don kula da wuraren tarihi. Tun 2015 wata ƙungiya ta daban, Drayton Hall Preservation Trust, ke tafiyar da shi.

A ƙa'idojin Amurka akwai hanya huɗu ta tunkarar tsohon gini. Ana iya kiyaye shi yadda yake. Ana iya gyara shi don sabon amfani, kamar otal ko ofis. Ana iya zaɓen wata shekara a mayar da shi kamanninsa na lokacin, a cire duk abin da ya zo daga baya. Ana kuma iya sake gina abin da ya ɓace. Yawancin gidajen gandun da ake nuna wa baƙi a kudancin Amurka sun bi ta uku: labule, fitilun gilashi, teburin cin abinci a shirye kamar maigidan zai shigo. A Drayton Hall an ɗauki ta farko. Dalilin a bayyane yake ga mai sana'a: in ka zaɓi 1750, dole ka kankare fentin bayan yaƙi, ka sauke silin ɗin ƙarni na 19, ka goge jikin ƙofar da iyalin suka riƙa zana tsayin 'ya'yansu tun shekarun 1880, inda Charlotta ta ƙara har da tsayin karnukanta. Sannan ka cike gurbin da hasashe.

Ruwa da siminti

Charleston na samun ruwan sama kusan milimita 1,300 a shekara, ga laima mai nauyi a lokacin zafi. Don haka aikin yau da kullum a irin wannan gida bin sawun ruwa ne: a duba rufi da indararo bayan kowane hadari, a kwashe ganye daga magudana, a tabbata ƙasar gindin bango ta gangara waje. Katakon da ɗanshinsa ya wuce kashi 20 cikin 100 ya fara gayyatar ruɓa da gara, kuma yankin na fama da wata muguwar gara 'yar asalin gabashin Asiya da aka fara gani a Charleston a 1957.

Bulon ƙarni na 18 da hannu aka buga shi, wutar da ta gasa shi ba ta kai ta yanzu ba, saboda haka yana da taushi kuma yana shan ruwa. An ɗaure shi da kwaɓin farar ƙasa da yashi, farar ƙasar kuma a wannan gaɓar teku daga ɓawon halittun ruwa masu kama da katantanwa ake ƙona ta. Wannan kwaɓi ya fi bulon laushi, kuma da gangan ne. Ruwan da ya shiga bango ta layin kwaɓin yake fita, gishirin da ya ɗauko a nan yake taruwa, in gini ya motsa a nan yake tsagewa. Kwaɓin ne ke mutuwa a madadin bulo, bayan shekaru a sake cusa wani.

Gyaran ƙarni na 20 ya shigo da siminti, kamar yadda ya faru da kusan kowane tsohon ginin bulo a yankin. Siminti ya fi bulon ƙarfi kuma ba ya barin ruwa ya wuce. Sai ruwan ya koma fita ta fuskar bulo, gishiri ya daskare a ƙarƙashin fatarsa, fatar ta ɓare. Bayan wasu shekaru sai ka ga layin siminti ya tsaya cirko-cirko, bulon da ke tsakani ya lotsa ya zama gari. Duk maginin da ya ga abin da shafen siminti ke yi wa katangar ƙasa a Kano ko Zariya ya san wannan ciwo.

Maganinsa aiki ne na haƙuri. Ana cire simintin da kurfi da ƙaramar guduma, domin injin yanka yana gutsure gefen bulo ya faɗaɗa layin har abada. Ana rarake layin zuwa zurfin da ya ninka faɗinsa sau biyu ko biyu da rabi, a share ƙura, a jiƙa bangon don kada ya tsotse ruwan sabon kwaɓi. Awon da aka saba shi ne kashi 1 na farar ƙasa da kashi 2 da rabi zuwa 3 na yashi, amma sai an narkar da ɗan guntun tsohon kwaɓi an ga launin yashinsa da girman ƙwayarsa kafin a tsayar da awo. Ana cusawa hawa-hawa, kamar milimita 6 kowane hawa, a bari ya ɗan kama kafin a ƙara. Daga nan a rufe da jiƙaƙƙen buhu na kwanaki. Farar ƙasa ba bushewa take yi ta yi ƙarfi ba, iskar da take sha ce ke mayar da ita dutse sannu a hankali. In rana ta busar da ita da wuri, za ta yi fari ta yi kyau a ido, a kuma iya kankare ta da farce.

Barandar gaba ita ce ta fi nuna illar gyara mai ƙarfi. Tun zamanin Charles Drayton, ɗan John, wanda ya riƙe gidan daga 1784 zuwa rasuwarsa a 1820 kuma ya bar kundin abubuwan da ya riƙa rubutawa, ginshiƙan suka fara ba da matsala har aka canza su. Tsofaffin na nan a jibge a ɗakin ƙasa. A farkon ƙarni na 20 aka zuba kankare mai rodi a barandar don a ƙarfafa ta. Kankare na da nauyin kilo 2,400 a kowace mita kubik, wato mita ɗaya a tsawo da faɗi da zurfi, katako kuwa bai fi kashi ɗaya cikin huɗu na haka ba, ga shi an ɗora nauyin bisa bangon da ba a gina don shi ba. Ruwa ya sami hanya ya kai ga rodin. Tsatsa tana cin wuri ninkin ƙarfen da ta fito daga gare shi, saboda haka ta tura kankaren daga ciki, kankaren ya tura bulo da dutse. Sai da aka hana baƙi hawa barandar, aka yi nazarin injiniyoyi, sannan a tsakiyar shekarun 2010 aka fasa kankaren gutsure-gutsure aka mayar da katako. Ƙa'idar irin wannan aiki ita ce a tokare saman kafin a taɓa ƙasan, a sa wa kowane dutsen daɓe lamba a zana taswirarsa kafin a ɗaga shi, domin ya koma inda ya fito.

A nan akwai abin lura. Kankaren ma tarihi ne, shekarunsa sun doshi ɗari, kuma manufar gidan ta ce a bar kowane zamani da shaidarsa. Duk da haka aka cire shi, kuma daidai aka yi. Manufar tana ƙarewa ne a inda wani ɓangare ya fara kashe ɗan'uwansa.

Silin da fenti

Silin ɗin filasta ba manne yake da katako ba. Ana kafa siraran sanduna a jere da ɗan tazara, a danna ɗanyen filasta ya kutsa ta tsakani ya lanƙwashe ta baya, in ya bushe sai ya zama ƙugiyoyin da ke riƙe nauyin duka. Takun mutane a bene, girgizar ƙasa, da lotsawar babban gungumen da ke ɗauke da daɓen sama suna karya ƙugiyoyin ɗaya bayan ɗaya. Daga ƙasa ba a ganin komai sai siririn tsagu, har ranar da faifai guda zai faɗo.

Gidan na da silin iri biyu masu daraja. Na wani ɗakin baƙi an sassaƙa adonsa da hannu tun filastar na ɗanye, kuma yana cikin 'yan ƙalilan irinsa da suka rage a Amurka daga ƙarni na 18. Na babban zaure kuwa na tsakiyar ƙarni na 19 ne, an zuba adonsa a mazubi. Shi ne ya fi tayar da hankali, domin a ƙarƙashin ɗakin da baƙi ke takawa yake. A farkon shekarun 2000 ƙwararru daga Jami'ar Pennsylvania suka yi aiki a kansa. Hanyar ita ce a bi silin ɗin ana ƙwanƙwasawa a hankali ana saurare, a zana taswirar wuraren da suka rabu da sandunan, a huda ƙananan ramuka, a tura gam mai ruwa da sirinji, a tokare daga ƙasa da abu mai laushi har ya kama. Gam ɗin dole ya kasance mai ɗan miƙewa, in ba haka ba sabon tsagu zai buɗe a gefen wurin da aka gyara. Bayan haka sai sa ido: ana liƙa ɗan ma'auni a kan tsagu a riƙa karanta shi, domin tsagun da ke buɗewa da rani ya rufe da damina daban yake da wanda ke ƙaruwa kullum.

Bangon ɗakunan an lulluɓe shi da katakon wata bishiyar fadama mai jure ruɓa, kuma sau ƙalilan aka taɓa yi masa fenti. Shuɗi mai ratsin koren da baƙo ke gani na bayan yaƙin basasa ne, ƙarƙashinsa akwai launin asali mai haske. An san haka ne ta yanko ɗan ƙwanƙwani da bai kai ƙwayar gero ba, a dasa shi cikin roba, a goge gefensa, a duba hawa-hawan da madubin ƙara girma. Inda fentin ya ɗago kamar ɓawo, ba a kankarewa. Ana shigar da gam a bayansa da siririn buroshi, a danna shi ya kwanta. Bango guda na iya cin makonni.

Me ya sa ba a sa na'urar sanyaya ɗaki ta kare duk wannan? Domin a ƙasa mai laima, in ka sanyaya cikin gidan da ba a gina don haka ba, iskar waje mai ɗumi za ta kutsa cikin bango ta haɗu da sanyi ta zama raɓa a bayan katako, inda ba mai gani. Ga kuma hudar da za a yi wa gini don bututu. Abin da ake yi a maimako shi ne auna zafi da laima a ɗakuna, da buɗe tagogi ko rufe su gwargwadon yanayi. Kayan ɗaki da takardu, waɗanda ba sa jure wannan hawa da sauka, an kai su sabon ginin baƙi mai suna Sally Reahard da aka buɗe a 2018, nesa kaɗan da gidan.

Abin da manufar ba ta iya riƙewa ba

Wanda ya ce zai bar abu yadda ya same shi ya gaji zaɓin da zamani ya riga ya yi. Gidan maigida na bulo ne, ya tsaya. Har banɗakin bulo na 1791 ya tsaya. Gidajen bayi na katako ne, babu ko ɗaya, haka ma na 'yantattun da suka zauna a filin suna aikin haƙar fosfet. Baƙon da aka bari da idonsa kawai zai ga aikin magina bai ga maginan ba. Wannan rauni ne na gaske a tsarin, kuma gyaran bulo ba ya maganinsa.

Abu uku ake cike gibin da su. Na farko tonon ƙasa. Misalin amfaninsa ya zo a 2007, lokacin da aka aiko wa gidan hoton wani zane mai ɗauke da shekarar 1765 ba tare da sunan mai aikowa ba. Zanen ya nuna jerin ginshiƙai da ke haɗa babban gida da ƙananan biyu, abin da ba wanda ya san da shi. Aka tona, aka tarar da harsashin. Irin wannan tono ne ke fito da tukwanen ƙasa da bayi suka gina da sauran tarkacen rayuwarsu. Na biyu gidan mai gadi na 1870, wanda aka mayar wurin ba da tarihin baƙaƙen fatan da suka rayu a filin bayan 'yanci.

Na uku, kuma mafi nauyi, zuriyarsu. Richmond Bowens, wanda aka haifa a filin a 1908, jikan bayin gidan ne, kuma iyalinsa na riƙe da labarin cewa kakanninsu sun zo tare da Drayton daga Barbados a shekarun 1670. Ya dawo ya yi aikin tsaron ƙofa, ya riƙa nuna inda gidaje da hanyoyi suke a da. Maƙabartar baƙaƙen fata da ke filin ta faro tun wajen 1790, tana cikin mafi daɗewa a ƙasar da har yanzu ake binne mutane. Da aka yi maganar share ta a ƙawata, Bowens ya nemi a bar mamatan su huta, a bar wurin da bishiyoyinsa. Aka bi maganarsa. A can aka binne shi a 1998, a 2010 kuma aka kafa ƙofar ƙarfe ta tunawa a mashigarta. Wasu wuraren sun wuce haka nesa: gandun Whitney a Luwiziyana, da aka buɗe a 2014, ya ɗora dukkan bayaninsa kan bayi, babban gidan ya koma gefe.

Barazanar da ta rage ba daga cikin bango take ba. Gidan gandu a karkara rabin ma'anarsa filin da ke kewaye da shi ne, Charleston kuwa faɗaɗa take yi. A 1995 National Trust ta sa yankin kogin Ashley cikin jerin wuraren tarihi 11 da suka fi shiga haɗari a Amurka. An sayi fili a tsallaken kogi don kada wanda ya tsaya a ƙofar baya ya hango rukunin gidaje, an kuma yi ta fafatawa a shekarun 2000 kan shirin gina dubban gidaje a wani wuri da ake kira Watson Hill, wanda da ya cika tsohuwar hanyar bakin kogin da motoci. Makamin da ya fi aiki shi ne yarjejeniyar da mai fili ke sa wa hannu ya haramta gini a filinsa har abada, ya samu sassaucin haraji, sharaɗin kuma ya bi filin ko an sayar.

Gobara ma tana nan a lissafi. A ranar 15 ga Mayun 2025 gidan Nottoway na Luwiziyana, ginin katako na 1859 da aka mayar wurin shaƙatawa da biki, ya ƙone ƙurmus cikin sa'o'i. Gidan da ba kicin ba wayoyin zaman gida ya rage wa kansa hanyoyin tashin gobara, amma tsawa da ganganci ba su san da wannan ba, motar kashe gobara kuma a karkara takan yi nisa. Guguwar Hugo ta 1989 ta kayar da bishiyoyi masu yawa a filin, ginin bai yi mummunan rauni ba. Sai dai kogin Ashley yana hawa da sauka tare da teku, kuma ma'aunin tashar jiragen ruwan Charleston ya nuna tekun ya ƙaru da kusan santimita 30 cikin shekara ɗari. Ruwan ƙarƙashin ƙasa na tashi tare da shi, yana ɗauke da gishiri zuwa gindin bangon ɗakin ƙasa, inda sabon kwaɓin farar ƙasar zai riƙa mutuwa da sauri fiye da yadda maginan 1750 suka yi lissafi.